Lambar Yaƙin Bama Ba Ta Faɗin Shekarun Mai Ita

Tauraruwar Bama 'yar ƙaramar lamba ce ta jan ƙarfe mai tsini 6, rataye da ƙyalle ja a tsakiya, shuɗi mai duhu da ratsin ruwan goro a gefe. Ingila ta ba da ita ga waɗanda suka yi yaƙi a Bama daga Disambar 1941 zuwa Satumbar 1945. In ka juya bayanta, wayam yake: babu suna, babu lambar soja, balle shekarun haihuwa. Lambobin Yaƙin Duniya na Ɗaya an buga musu suna da muƙami da rundunar mai su, amma na Yaƙi na Biyu haka aka raba su. Saboda haka duk ranar da irin wannan lamba ta fita daga adakar gidan mazan jiya a Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu, ta rabu da takardar sallamar mai ita da kuma bakin da ya san labarinsa, ta koma ƙarfe kawai. Abin da ya fi ɓata a wannan rabuwa shi ne amsar tambaya guda: yana ɗan shekara nawa aka sa masa kaki?

Tambayar tana da dalili. 'Yan Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne aka kai fagen Asiya, akasari a Runduna ta 81 da ta 82, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya, kuma Hausa ce harshen bariki. Su ne suka ratsa kwarin Kaladan da duwatsun Arakan, suka kama Myohaung a Janairun 1945, wasu bataliyoyinsu kuma suka shiga cikin mayaƙan Chindit a 1944, sunan da barikin Zariya ke ɗauke da shi har yau. Ƙasar da ta zama Jihar Zamfara a 1996 tana cikin Lardin Sakkwato a lokacin, kuma tun 1929 dogo ya haɗa Gusau da Zariya, inda ake horar da kurata. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai Turawa ke neman mutane, a zamanin da talakan ƙauye ba shi da takardar haihuwa. A duba tsayi, a auna ƙirji, likita ya ce lafiya lau, sai a rubuta shekarun da ido ya ƙiyasta. Yaron da noma ya murɗa wa jiki, ko wanda yake gudun haraji da aikin tilas, ko marayan da ba shi da mai tsaya masa gaban dagaci, ba ya shan wuyar tsallake wannan awo.

Shaidar da ta fi fitowa fili daga kudu ta zo, domin can aka fi rubutawa. Isaac Fadoyebo, mutumin ƙasar Owo, ya shiga soja a 1942 yana ɗan shekara 16. An harbe shi a bakin Kaladan a 1944, wani gidan Musulmi manoma ya ɓoye shi wata 9, kuma da bai rubuta abin da ya gani ba, da ɗan jarida Barnaby Phillips bai samu bakin zaren littafinsa na 2014 ba. Marigayi Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan wanda mahaifinsa ya je Bama, da ya tashi rubuta ƙagaggen labarinsa Burma Boy a 2007, yaro mai jin Hausa da bai wuce shekara 14 ba ya sa a tsakiyarsa. Ingila kanta an ƙiyasta yara kusan 250,000 sun shiga sojanta a Yaƙi na Ɗaya ba su kai shekarun doka ba, amma su an san sunayen yaransu da suka yi yaƙi: Jack Cornwell, ɗan shekara 16 da ya rasu bayan gwabzawar Jutland a 1916, lambarsa tana gidan tarihin yaƙi a Landan. Namu kuwa, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta amsa a 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙi na Ɗaya, galibi 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina don tunawa ba.

Wannan shi ya sa nake ganin tara lambobin yaƙi, wanda a Turai abin sha'awa ne na masu kuɗi da gidajen gwanjo, ya kamata a nan ya zama aikin malaman tarihi. Lamba marar suna ba ta da wani kuɗin kirki a kasuwa. Takarda da hoto da labari ne ke ɗaga ta. Ƙungiyar tsoffin sojoji da masarautun Gusau, Tsafe da Bunguɗu da Jami'ar Tarayya ta Gusau za su iya bi gida-gida, su ɗauki hoton lamba da takarda, su naɗi bayanin 'ya'ya da jikoki, su bar wa iyali kayansu. Tsofaffi kan tuna an haifi wane shekarar fari kaza ko zamanin sarki wane, kuma da wannan ake gano shekarun da magatakardan bariki ya rubuta da ka.

Za a ce a wancan zamani ɗan shekara 15 namiji ne, yana da gayaunarsa, har ana maganar aurensa. Haka ne, kuma ba daidai ba ne a auna iyayenmu da dokar da ba ta zo ba tukuna. Amma Turawan da suka ɗauke su suna da ƙa'idar shekaru a rubuce, buƙatar mutane ce ta sa suka kau da kai. Girmama jarumtar yaron ba ya wanke wanda ya tura shi.

Za a kuma ce wanda 'yan bindiga suka hana shi noma ba ta tsohon ƙarfe yake ba. Wannan hujja ta fi nauyi, sai dai ita ce ke dawo da maganar gida. Waɗanda suka kuɓuta daga dazukan Tsafe da Bunguɗu sun sha ba da labarin yaran da gemu bai tsiro musu ba suna gadin su da bindiga, sannan gari in ya matsu da tsaro ba kasafai yake tambayar shekarun ɗan sa-kai ba. Ɗan ta'adda ba soja ba ne, kuma babu mai haɗa su. Abin da ya haɗa yaran shi ne babba ne ya miƙa musu makami. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 ta hana sa wanda bai kai 18 ba cikin faɗa, Dokar Haƙƙin Yara ta Nijeriya ta 2003 ta hana ɗaukar yaro soja, kuma a Borno, bayan yarjejeniyar 2017 da Majalisar Ɗinkin Duniya, 'yan ƙato-da-gora sun sallami yara 894 a Mayun 2019. Askarawan Zamfara da aka ƙaddamar a Janairun 2024 da ƙungiyoyin sa-kai na ƙauyuka suna buƙatar irin wannan tantancewa, da rajistar da ke ɗauke da sunan kowa da shekarunsa, wadda hakimi da limami da iyaye suka shaida.