Kafin a ɗora wa kwamfuta laifi: abin da ya kamata ku sani game da manhajojin zanen gini

Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, gini bai tsaya ba a garin: gidajen hayar ɗalibai, jerin shaguna, masallatan unguwa, makarantun kuɗi. Mai fili a Kutawa ko Kurfi ma, in yana da ɗan hali, ba ya son magini ya ja masa layi da ƙafa a ƙasa kawai, ya fi son ya ga gidansa a takarda ko a waya tun ba a sayi bulo ko ɗaya ba. Wannan ya sa matasa da dama suka rungumi zane da kwamfuta. Wasu a makaranta suka koya, wasu a wajen wani ubangida, wasu kuma daga bidiyon YouTube.

Manhajojin da ake yawan ji su ne AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk ya fitar a 1982, ita ce ta zanen shimfiɗar gini da awo. Sai SketchUp, mai tayar da gini a gan shi ta kowace fuska. Sai Revit da ArchiCAD na manyan ayyuka. Sai irin su Lumion masu yi wa hoto ado har ka rantse an riga an gina. Kukan masu amfani da su kusan ɗaya ne: ta daskare, ta rufe kanta, fayil ya ƙi buɗuwa, an buga zane ya fito ba daidai ba. Amsar da ake bayarwa ita ma ɗaya ce, wai kwamfutar ba ta da ƙarfi. Wani lokaci gaskiya ne, musamman a kan Lumion, wadda ba ta tafiya sai da katin hoto mai ƙarfi. Amma a ganina mafi yawan wahalar tun a mintunan farko na aikin ake shuka ta, kuma ko sabuwar kwamfuta aka sayo sai ta biyo mutum.

Awo shi ne farkon abin dubawa. A nan muna aiki da ma'auni huɗu a lokaci guda ba tare da mun lura ba. Dillali da mai fili da ƙafa suke magana: fuloti ƙafa 50 da ƙafa 100. Birkila da inci: bulo mai inci 9, bulo mai inci 6. Safiyo da mita yake kawo takardarsa, mai zane kuma a milimita yake aiki. AutoCAD ba ta san ko ɗaya ba sai an gaya mata. Lamba kawai take gani. In ka rubuta 3600 kana nufin faɗin ɗaki a milimita, sannan ka jawo zanen safiyo wanda aka yi a mita, filin gaba ɗaya zai zama ɗan ɗigo a gefen ɗakin, domin bambancin ninki 1,000 ne. In kuwa ƙofa ko kujera ce aka sauko da ita daga intanet, aka zana ta da inci, bambancin 25.4 ne. Duk lokacin da ka ga abu ya shigo ƙato fiye da kima ko ya ɓace, auna wani abu da ka san girmansa, kamar ƙofar da ya kamata ta zama 900, ka raba. Amsar za ta faɗa maka wane ma'auni ne ya ruɗe. Umarnin UNITS shi ake fara bugawa kafin a ja layin farko, a SketchUp kuma a zaɓi tsarin milimita tun wajen buɗewa.

Akwai wani ƙaramin sakaci da yake jawo rigimar maƙwabta. Ƙafa 50 da 100 ba mita 15 da 30 ba ne cif, mita 15.24 ne da 30.48. Santimita 24 ɗin da aka yar a faɗi ya fi kaurin bulo mai inci 9, wanda yake santimita 22.5. Wato katanga guda ce ta ɓace a lissafi. Balle ma ba kowane fuloti ne yake cika awon da ake kiransa da shi ba, don haka tef a hannu, a kan filin, ya fi duk abin da aka faɗa ta waya.

Takardar safiyo tana zuwa da nata tarkon. Lambobin da ke jikin kusurwoyin fili suna nuna matsayinsa a doron ƙasa ne, kuma yankinmu yana cikin shiyya ta 32 ta arewa a tsarin UTM. Lambar arewa a Dutsin-Ma ta haura mita 1,300,000, nisan wurin ke nan daga layin tsakiyar duniya. In aka mayar da ita milimita ta wuce biliyan. Manhaja tana iya riƙe irin wannan lamba, amma daidaiton lissafinta yana raguwa in zane ya yi nisa haka da mafarinsa, wurin da lambobi suke sifili. Alamun kuwa sanannu ne: layuka su ƙi haɗuwa, zanen cika fili ya tarwatse, a SketchUp bango ya riƙa rawa ko ya yanke in ka matso kusa. Mutum zai yi ta goge manhaja yana sake sakawa, alhali maganin bai wuce a bar zanen safiyo a fayil ɗinsa yadda yake ba, a ɗauko kwafin iyakar filin a ajiye kusurwa ɗaya a kan sifili, a rubuta ainihin lambar kusurwar a gefe don ranar da za a buƙace ta.

Haka in ka ɗora iyakar fili a kan hoton Google Earth ka ga ta goce ta shiga gonar maƙwabci, kada ka yi saurin zargin safiyo. Yawancin tsofaffin awon ƙasa na Nijeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, Google Earth da GPS na waya kuwa da WGS 84 suke aiki, kuma tsakanin biyun akwai tazarar gomman mitoci. Manhajar QGIS, wadda kyauta ce, tana juya ɗaya zuwa ɗaya in an gaya mata wanne ne wanne.

Nauyin fayil shi ne abin da aka fi ɗora wa kwamfuta. Al'adar masu zane ce su buɗe tsohon aiki, su goge abin da ke ciki, su fara sabo a kai. Abin da aka goge daga allo ba duka yake fita daga fayil ba. Tsofaffin ƙofofi, motoci, salon rubutu da shimfiɗu suna nan a ɓoye, kamar ɗakin ajiyar da ake ta turawa ba a taɓa fitarwa. A AutoCAD umarnin PURGE yana kwashe su, AUDIT yana gyara kurakuran cikin fayil, OVERKILL kuma yana cire layukan da suka hau kan juna. SketchUp ma tana da maɓallin share abin da ba a amfani da shi a sashen bayanan zane. Amma babban mai kashe ta shi ne kayan ado na rumbun 3D Warehouse. Bishiya ɗaya da aka zana ganyenta ɗaya-ɗaya tana iya fin gidan duka nauyi, ga shi mutum ya jera goma a bakin katanga, ya ƙara motoci biyu masu cikakken inji. A sa irin waɗannan a shimfiɗa ta daban a kashe ta, a kashe inuwa ma, sai ranar ɗaukar hoto. Kuma duk abin da za a maimaita, taga ko ginshiƙi, a mai da shi ɗauri guda da ake kwafa, yadda in mai gida ya ce a faɗaɗa tagogi za a gyara ɗaya sauran su bi. Wanda bai ɗaure bango da rufi daban-daban ba, ranar da ya ja bango ɗaya zai ga rabin gidan ya biyo shi.

Wuta kuwa ba sai an yi dogon bayani ba, duk wanda ke layin KEDCO ya san hali. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne aikin da ya ɓace sau da yawa yana nan. AutoCAD tana ajiye kwafi da kanta duk minti 10, ana iya rage lokacin da SAVETIME. Kwafin yana ƙarewa da .sv$, wani kuma mai ƙarewa da .bak yana zaune kusa da fayil ɗinka, shi ne ajiyar da ta gabaci ta ƙarshe. Sauya ƙarshen sunan zuwa .dwg sai ya buɗe. In fayil ɗin ne ya lalace, kada a danna shi kai tsaye, a buɗe manhaja tukuna a kira shi da RECOVER. SketchUp tana barin nata mai .skb. Revit ita tunatarwa kawai take yi, ba ta ajiyewa da kanta, wanda ya saba kore saƙon zai ji a jikinsa. Aiki kai tsaye daga kan filashi ma ganganci ne, musamman filashin da ke yawo shagunan buga takardu yana kwaso ƙwayoyin cuta. A yi aiki a kan kwamfuta, a riƙa sauya suna da kwanan wata, a tura kwafi imel ko Google Drive duk ranar da data ta samu.

In laftof tana tafiya lafiya da safe amma ta fara jan ƙafa da azahar a watan Afrilu, ba manhaja ba ce. Ƙurar hunturu ta toshe fanka, zafi ya zo ya tarar, injin yana rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone. Mai gyara ya buɗe ya busa, a daina ɗora ta a kan katifa ko darduma. Yawancin laftof kuma suna rage ƙarfi da zarar an cire caji.

Wajen miƙa aiki ga wani, shekarar manhaja ce take kawo cikas. Sabuwa tana buɗe fayil ɗin tsohuwa, tsohuwa ba ta buɗe na sabuwa. A AutoCAD da sauƙi, sai a ajiye da tsarin 2013 ko 2010 kafin a tura wa injiniya. A Revit babu komawa baya, don haka a yi shawarar shekarar da za a yi aiki da ita tun farko. Hotuna da zanen da aka jingina daga waje ba sa bin fayil in an tura shi shi kaɗai, ETRANSMIT ne yake tattara su wuri guda. Wajen bugawa kuma, a kai PDF. Zanen da aka shirya wa takardar A1 a sikelin 1:50, in aka buga shi a A3 ya koma 1:100, amma rubutun ƙasa yana nan yana cewa 1:50. In mai shago ya danna a cika takarda, to babu sikelin ma gaba ɗaya.

Akwai kuskuren da manhaja ba za ta taɓa yi maka gargaɗi a kansa ba, kuma shi ya fi tsada. SketchUp, in ba a gaya mata inda filin yake ba, tana ɗauka a garin Boulder na Amurka yake, inda aka ƙirƙiro ta, digiri 40 arewa. Mu muna wajen digiri 12 da rabi. A can da tsakar rana kullum ta kudu rana take bi. A nan daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta ta arewacin kai take wucewa da tsakar rana. Inuwar da aka nuna wa mai gida a tsakar gidansa ƙarya ce in ba a saka wuri da agogon Nijeriya ba, kuma bangon yamma, wanda yake mai da ɗaki tanderu da la'asar, shi ya fi buƙatar a gwada masa baranda ko bishiya. Da zarar an daidaita arewa, alƙibla ma ta samu: daga Dutsin-Ma kimanin digiri 69 ce daga arewa zuwa gabas, ba gabas sak ba. Masallaci da fuskar banɗaki duk a nan ake warware su, ba bayan an zuba kankare ba.

Tsarin harabar gida shi ma haka. Hotunan da ake nuna wa mutane cike suke da ciyawa shar da itatuwan ƙasashen sanyi, waɗanda ba za su ga ƙarshen rani ɗaya ba sai da rijiyar burtsatse. Abin da zai rayu shi ne darbejiya, mangwaro, tsamiya, zogale, kuma a zana kowace da faɗin da za ta kai in ta girma, a ga ko saiwarta za ta taɓa katanga ko ramin masai. Gawo yana zubar da ganye da damina ne, ya yi inuwa da rani, kuka kuwa akasin haka; mai son inuwar zaure a watan Maris ya kamata ya san wannan. Gangaren ruwa kuma ba a ɗauko shi daga intanet. Bayanan tudu da kwari na kyauta, irin na SRTM da aka auna daga sararin samaniya a 2000, kowane ɗigonsu kusan mita 30 ne, wato fuloti guda bai cika ɗigo ɗaya ba. A ƙasa mai duwatsu da kwazazzabai irin tamu, inda ruwan Agusta yake zuwa da ƙarfi, siririn tiyon ruwan da birkila yake daidaita gini da shi ya fi su faɗin gaskiya game da inda makwarara za ta bi.

Maganar manhajar sata, kowa ya san ita ce a yawancin kwamfutoci, kuma wani kaso na rufewar da ake kuka da ita daga nan yake. Ɗalibi mai shaidar makaranta yana iya samun lasisin Autodesk na karatu kyauta, ana sabuntawa duk shekara, sai dai ba na aikin kuɗi ba ne. LibreCAD da FreeCAD da Blender kyauta ne ga kowa. Iya sarrafa manhaja kuma bai mai da mutum masanin zanen gini ba. Hukumar ARCON, wadda aka kafa a 1969, ita take yi wa masu wannan sana'a rajista, bene kuwa sai da lissafin injiniya.

Mai gida da bai san kwamfuta ba shi ma yana da abin dubawa. Kada ya tsaya a kan hoto mai sheƙi. Ya nemi zanen shimfiɗa mai awo a rubuce, da kibiyar arewa, da iyakar fili. Ya sa rula a kan bango ɗaya: a sikelin 1:100, ɗaki mai mita 3.6 zai ba da santimita 3.6. Sannan ya tara faɗin ɗakuna da kaurin bangaye da tazarar katanga daga gefe zuwa gefe, ya gwada jimlar da abin da tef ya ba shi a filin.