Abin da ya kamata ku sani game da koyon tsirran daji da sana'o'insu

A Ingila da ƙasashen arewacin Turai, mutane na biyan kuɗi su bi wani masani cikin kurmi yini guda, ya nuna musu ganyen da ake ci da wanda ake gudu, ya koya musu saƙa kwando ko tufka igiya da ɓawon itace. A ƙasar Hausa wannan karatu bai taɓa zama na kuɗi ba. Yarinya tana bin kakarta tsinkar tafasa, yaro yana bin yayansa kiwo, kafin su balaga sun san itatuwan karkararsu ɗaya bayan ɗaya. To amma yaron da ya tashi a tsakiyar Kano ko Maraɗi yau yana iya shan miyar kuka kullum bai taɓa ganin ganyenta a jikin bishiya ba. Shi ya sa fita ta musamman don koyo, ko makaranta ce ta shirya ko ƙungiyar matasa ko iyaye, ta zama abin da ya dace a yi tunaninsa.

Abu na farko shi ne, wannan ilimi ba ya shiga ta littafi ko ta waya kaɗai. Littattafan suna nan kuwa. Wani likita ɗan Birtaniya, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa ya buga a 1916, ya kuma fitar da babban littafinsa kan amfanin tsirran Afirka ta Yamma a 1937, har yau masana na komawa gare su. Sai dai sunan tsiro yakan canza daga Sakkwato zuwa Zariya zuwa Damagaram, wani lokacin ma suna ɗaya na kan tsirrai biyu. Manhajojin da ke gane tsiro daga hoto su ma suna kuskure, musamman a kan tsirranmu. Wanda ya sani yana duba ganye, ya murza ya shinshina, ya kalli ƙasar da tsiron ya fito da lokacin da ya fito. Dole sai an tsaya kusa da shi.

Ku ɗauki tafasa. Da farkon damina ake tsinkar ganyenta mai taushi, a dafa, a matse, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Tana da 'yar'uwa, rai-ɗore, wadda ke fitowa a irin wuraren da take fitowa, furensu duka rawaya. Bambancin yana ganye: na tafasa bakinsa a zagaye yake, shida-shida a kowane hannu, na rai-ɗore kuwa mai tsini ne kuma ya fi yawa. 'Ya'yan rai-ɗore guba ne ga dabbobi da ƙananan yara idan sun ci da yawa. Tsohuwar da ta saba za ta nuna muku wannan cikin minti biyu, ba kuma za ku sake mantawa ba.

Malami na ƙwarai da masu cutarwa yake farawa. Zaƙami na gusar da hankali, yana iya kisa. 'Ya'yan bini-da-zugu, wanda ake shinge da shi, suna ruɗar yara saboda ɗanɗanonsu ba ɗaci, sai amai da gudawa su biyo baya. Ruwan tumfafiya da na tinya idan ya shiga ido yana yi masa lahani. Akwai kuma abincin da sai an sarrafa shi yake zama abinci. Anza ce babbar misali: 'ya'yanta masu ɗaci ne ƙwarai, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ana sake wani kafin a dafa. Ita ta riƙe gidaje da yawa a Nijar lokacin yunwar 2005, shi ya sa wasu ke mata kallon abincin wahala. A ganina wannan rashin adalci ne ga shukar da ke ba da 'ya'ya a shekarar da gero ya ƙi. A Damagaram akwai kamfanin Sahara Sahel Foods da ke sayen anza da sauran 'ya'yan daji daga hannun matan karkara, yana sarrafa su zuwa gari da abincin sayarwa.

Fita ɗaya ba ta isa, domin daji kalandarsa yake bi. Damina lokacin ganye ne: tafasa, lalo, gasaya, rama, karkashi. Kaɗanya na zubar da 'ya'ya a farkonta, ɗinya na nuna wajen ƙarshenta. Da hunturu sai magarya da kurna da kanya da aduwa da tsamiya da 'ya'yan kuka. Ɗorawa kuwa sai bazara, lokacin da rumbu ya fara sauka, kuma daga kalwarta ake yin daddawa. Yaɗiya tana nan kore ko da rani. Wanda ya fita sau uku ko huɗu a shekara zuwa wuri ɗaya ya fi wanda ya zaga wurare goma a wata guda.

Ɓangaren sana'a shi ma daga gindin tsiro yake farawa, kuma nan ne masu koyo suka fi yin gaggawa. Kowa na son ya ga faifai ya fito a hannunsa, alhali rabin aikin yana wajen sanin wace kaba za a yanka. Kaba ganyen ƙaramar goruba ce. Ana yanko sabon tofon da bai gama buɗewa ba, a shanya, a tsattsage, a ɗan jiƙa kafin saƙa don kada ya karye. Da ita ake tabarma da faifai da malafa da igiya. Amma goruba da ake yi wa yanka kowace shekara ba sassauci ba ta tashi ta zama bishiya, sai ta dawwama a matsayin kaba, ba 'ya'ya ba inuwa. Kwarin Gulbin Kaba da ke jihar Maraɗi ya daɗe yana fama da wannan matsala. Don haka mai koyarwa na gaskiya yana nuna abin da za a bari kamar yadda yake nuna abin da za a ɗauka. Haka ɓawon kuka ko na kalgo da ake tufka igiya da shi: gefe ɗaya ake ɓara, ba a zagaye gindi. Ganye kuma a tsinka, kada a tumɓuke saiwa.

Sauran sana'o'in ma haka suke. Majema da bagaruwa suke jeme fata, dukawa na samun jan launi daga karan dafi, marina na haɗa baba da ruwan toka, kamar yadda ake yi a karofin Ƙofar Mata a Kano. Gamba ita ce zana, kirya ita ce gawayin maƙera. Yaron da ya ga bagaruwa a kan bishiya sannan ya gan ta a kwatarniyar majemi ya fahimci dalilin da ya sa ba a sare ta don girki.

Masu shirya fita su lura da wasu abubuwa. Bishiyar da ke cikin gona tana da mai ita, musamman ɗorawa da kuka, saboda haka a nemi izinin mai gona da mai unguwa tukuna. Kada a tsinki ganye a bakin kwalta, ko gefen kwata, ko gonar da aka yi wa feshi. A sa takalmi rufaffe, a riƙe sanda, domin kububuwa a irin wuraren da ake tsinkar ganye take kwanciya, kuma wanda maciji ya sara asibiti za a nufa da shi kai tsaye, ba tsaga ba ɗauri. Da halin tsaron da ake ciki, babu dalilin kutsawa manyan dazuzzuka irin Rugu ko Kamuku. Fadamar bayan gari da gonakin da ke kewaye da ita sun ishi mai koyo shekara guda. Mutum goma zuwa goma sha biyu sun isa tawaga, idan sun fi haka na baya ba sa ganin abin da ake nunawa. Maganar magani kuma a yi hattara da ita: sanin sunan saiwa daban, sanin adadin da jiki ke ɗauka daban.

Malaman ba sai an je nesa ba. Su ne tsofaffin mata masu sayar da ganye a kasuwa, da makiyaya, da mafarauta, da masu saƙar kaba. Galibinsu sun manyanta, kuma yinin da suka ba ku yini ne da suka bar sana'arsu. Ku biya su kamar yadda za ku biya kowane malami, ku kuma sa yaran su rubuta sunan kowane tsiro yadda aka faɗa musu, da garin da aka faɗa, da watan da suka gan shi.