Jarumin da ke Sace Budurwa: Soyayyar Fim da Gaskiyar Dajin Rugu

A shagunan cajin waya na Batsari da Safana, kamar na sauran garuruwan Arewa, matashi kan miƙa memori a tura masa fina-finan Indiya masu fassarar Hausa, da masu dogon zango na Turkiyya, da littattafan da ake karantawa a murya. Cikin kayan da suka fi tafiya akwai wani salon labari guda: mai kuɗi, mai yaran da ke riƙe da bindiga, ya ga yarinya ya ce tasa ce. Ta ce ba ta so. Ya kulle ta a gida, ya ƙwace mata waya, ya kori duk wanda ke gaishe ta. Kafin labari ya ƙare sai ga ta tana kuka saboda kewarsa.

Salon ba sabo ba ne. A Darr na 1993, Shah Rukh Khan ya fito a matsayin mai bibiyar matar da ba ta son sa, kuma ko da yake shi ne mugun, shi 'yan kallo suka riƙe a rai. Shekara 10 bayan nan, a Tere Naam, jarumin Salman Khan ya sace budurwa ya ɗaure ta, daga nan ne zuciyarta ta karkata gare shi. A Kabir Singh na 2019 jarumi ya mari masoyiyarsa, fim ya ƙare suna tare. Emir na Kara Sevda, shirin Turkiyya da ya fara a 2015, ya auri Nihan ne ta hanyar yi mata barazana da asirin laifin ɗan'uwanta. Fim ɗin Poland mai suna 365 Days, na 2020, bai ma ɓoye komai ba: shugaban 'yan mafiya ya sace mace, ya ba ta shekara guda ta so shi.

Dabarar da ke sa mai kallo ya haɗiye wannan guba iri ɗaya ce. Da farko a ba azzalumin dukiya da kyau, yadda kurkukun zai zama gidan alfarma. Sannan a ba shi tabon yarinta, uwa da ta rasu ko uba mai duka, don a ji tausayinsa. Sai a kawo wani mugun da ya fi shi, wanda zai ceci yarinyar daga hannunsa. Mafi muni, kyamara tana zama a kan fuskarsa, muna ganin hawayensa da nadamarsa, ita kuwa “a'a” ɗinta ya zama jan aji da lokaci zai warware. Daga nan ne budurwa ke koyon cewa da ƙawarta, “Yana duba wayata ne don yana kishina, ai alamar so ce.”

Masana sun daɗe da ware wannan hali daga so. Evan Stark, a littafinsa na 2007, ya nuna cewa raba mace da danginta, sa mata ido da riƙe mata kuɗi sukan ɗaure ta fiye da duka. A 2015 Ingila ta mayar da irin wannan mallaka laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara 5. A shekarar ce Najeriya ta yi dokar hana cin zarafin bil'adama, wadda ta ambaci azabtar da zuciya da bibiyar mutum a jerin laifuka. Musulunci ya riga su: Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya warware auren Khansa'u 'yar Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da yardarta ba. Idan uba bai da wannan iko, ina ga baƙo mai bindiga?

A yankin da ya yi iyaka da dajin Rugu, tambayar ba ta aji ba ce. A watan Fabrairun 2020 an kashe kimanin mutum 30 a Tsauwa da Dankar na ƙaramar hukumar Batsari. A Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, har da Batsari da Safana, domin wayar da ke kawo fim ita ce ke kawo kiran neman kuɗin fansa. Mutanen nan sun san yadda ɗauke mace yake: babura cikin dare, tafiyar ƙafa a ƙaya, sayar da gona da shanu, wani lokaci a haɗa da babur da katin waya kafin a sako ta. Takan dawo da ƙafafu a kumbure, ta zauna a ɗakin uwarta ba ta son haɗa ido da masu zuwa jaje, saurayin da ya kai kuɗin gaisuwa kuma ya fara ja da baya.

Labarin ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ya isa misali. An sace su a watan Yunin 2021, na ƙarshensu ba su dawo ba sai 2023, wasu da goyo, bayan “auren” da aka ɗaura musu a daji. Babu gidan alfarma a can, babu nadamar jarumi.

Ba wai fim ne ya haifi 'yan bindiga ba. Rikicin filin noma da kiwo, satar shanu, talauci da yaɗuwar makamai sun fi ƙarfin a ɗora wa allo. Illar fim ta fi shafar cikin gari: saurayin da ke ganin barazana jarumta ce, da yarinyar da ke auna so da tsananin takura, da jama'ar da ke tambayar wadda aka sace ko ta saba da masu sace ta.

Abin mamaki, adabinmu na zamani da akasin haka ya tashi. Balaraba Ramat Yakubu, a Wa Zai Auri Jahila?, ta tsaya ne a bayan yarinyar da aka cire daga makaranta aka tilasta wa aure. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, 'yar jihar Katsina, ta cika littattafanta da mata masu neman ilimi da ra'ayin kansu. Marubutan WhatsApp da Wattpad jikokin waɗannan ne, bai kamata gadon ya koma yabon mai kulle ƙofa ba.

Hani kuma ba zai yi aiki ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Kano tana nan tun 2001, amma hannunta bai kai ga memorin da ke aljihun yaro a Runka ko Wagini ba. Gyaran yana hannun masu rubutu. A rubuta ɗan ta'adda, a rubuta mai kishin hauka, domin suna cikinmu. Sai dai a bar labarin a bakin wadda aka zalunta, a nuna abin da ta rasa na karatu da lafiya da mutunci, kuma idan ta ce ba ta so a babi na 1, a bar ta da maganarta har babi na ƙarshe.