Yadda Waƙa Da Kyamara Suke Dafa Soyayya A Cikin Fim

Duk wanda ya taɓa zama a kan benci a silimar Kwararafa da ke Jos, ko Plaza a Kano, ko kuwa a tabarma gaban talabijin na maƙwabta da daren Asabar, ya san wannan lokaci. Ana cikin hayaniya, masu gyaɗa da rake suna ta kai da kawowa, sai a ji sarewa ta taso a hankali, goge ya bi bayanta, fuskar yarinya ta cika allo. Nan da nan wuri ya yi tsit. Yawancin masu kallon ba su jin ko kalma guda ta harshen Hindi, amma ba wanda ya nemi tafinta ya gaya masa cewa saurayin nan da budurwar nan sun kamu da son juna.

Tun cikin shekarun 1950 da Kwarori 'yan Labanan suka soma kawo finafinan Indiya ƙasar nan, waƙoƙin soyayyarsu suke shiga gidajenmu. Da ta silima suke shigowa, daga baya ta kaset, yanzu kuwa ta wayar hannu, har da fassarar Hausa. Iyaye suna gunaguni, matasa suna kallo, wasu ma da ma'aunin fim suke auna wanda zai aure su. Tun da yake haka ne, 'yan'uwa, ya kamata mu leƙa madafar mu ga yadda ake haɗa wannan miya.

Abu na fari da mai karatu zai sani shi ne, muryar da yake ji ba ta mai fuskar ba ce. Fim na farko mai magana a Indiya, Alam Ara, ya fito a 1931 da waƙoƙi bakwai, kuma a lokacin 'yan wasa da kansu suke rerawa a gaban kyamara. Daga 1935 aka soma wata dabara: a ɗauki waƙar tukuna a ɗakin ɗaukar murya, da mawaƙa na musamman da makaɗa masu yawa, sa'an nan ranar ɗaukar hoto a sa ta a lasifika, 'yan wasa su riƙa motsa leɓe. Da haka Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, ta zama muryar 'yan mata barkatai har fiye da shekara sittin, ta yi wa uwa waƙa, ta zo ta yi wa 'yarta. Wannan dabara ta 'yantar da kyamara. Tun da ba a bukatar makirufo kusa da baki, ana iya kai masoya kan dutse ko cikin ruwan sama, muryar kuma ta fito garau kamar ana raɗa wa mutum a kunne.

Kiɗan kansa yana da tsari, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa cikin mawaƙa ya san shi. Akwai amshi da ake komawa gare shi, akwai baitoci, tsakanin baiti da baiti kuma akwai kiɗa zalla. Namiji ya ɗauki layi, mace ta amsa, kamar masu ciniki. Da fari kowa yana rera nasa shi kaɗai. Sai can wajen ƙarshe muryoyin biyu su haɗu a kan amshi guda. Kunne ya riga ido sanin cewa an daidaita. A cikin kiɗa zallan nan ne mai ba da umarni yake samun filin sauya wuri da sauya tufafi, shi ya sa za ka ga an fara waƙa a kasuwar Bombay, kafin baiti na biyu an kai duwatsun ƙanƙara na Suwizalan, ba wanda ya tambayi kuɗin jirgi.

Akwai kuma ɗan guntun kiɗa da ake liƙa wa masoyi, ya zama kamar takensa. A cikin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, saurayin, watau Shah Rukh Khan, yana yawo da wata 'yar molo da ake kira mandolin. Bayan an raba su, an kai yarinyar ƙauyen mahaifinta a Panjab za a yi mata auren da ba ta so, sai ta jiyo wannan kiɗa daga nesa, ta fita a guje zuwa wata gona mai furanni rawaya. Mai kallo ya riga ya ji kiɗan sau da dama tun farkon fim, saboda haka zuciyarsa ta riga yarinyar isa gonar.

To, sai kyamara. Babban makaminta shi ne nisa da kusa. A farkon waƙa akan nuna kowa a nasa hoton, shi a nan, ita a can, ana yankowa daga wannan zuwa wancan. Ana tafiya ana matso da kyamara, har fuska ta cika allo, har a ga motsin gira. Daga nan sai a sa su biyun cikin hoto guda. Mai tace hoto kuma yakan yanka daidai kan bugun ganga, domin ido da kunne su taka tare. In ana son lokaci ya tsaya, sai a rage gudun hoto. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa guda. In an ɗauki 48 a daƙiƙa aka nuna su da gudun da aka saba, gyale zai yi ta shawagi cikin iska kamar ba zai sauka ba. Iskar ma fanka ce babba aka ajiye a gefe.

Ga misali wanda ni a ganina ba a yi kamarsa ba har yau. A cikin Shree 420 na 1955, Raj Kapoor ɗan ci-rani ne matalauci a Bombay, Nargis kuma malamar makaranta ce. Dare ne, ana ruwa, laima kuwa guda ɗaya ce. Shi ke nan abin da aka ba su. Titin a cikin ɗakin ɗaukar fim aka gina shi, ruwan daga bututu yake zubowa, kuma an haska shi daga baya, gama ruwan sama ba ya fitowa sosai a hoto sai fitila ta ratsa shi. Laimar ce take yin aikin duka. Ya miƙa mata, ya tsaya yana jiƙewa. Ta ga bai dace ba. A ƙarshe dole suka shiga ƙarƙashinta tare. Mai ɗaukar hoto ya mai da bakin laimar kamar rufin ɗaki, duniya tana waje, su biyu suna ciki. Manna Dey da Lata ne suke rerawa, Shankar da Jaikishan suka tsara kiɗa. Da waƙar ta zo kan zancen gobe, sai ga yara uku sanye da rigunan ruwa suna wucewa, Nargis ta nuna su da yatsa. 'Ya'yan Raj Kapoor ne na cikinsa, ƙaraminsu shi ne Rishi Kapoor, wanda daga baya ya zama sananne wurin masu kallo a nan Arewa. Cikin 'yan mintoci an nuna talauci, da kunya, da alkawari, da begen iyali, ba tare da an yi abin da zai sa uba ya kori yara daga ɗaki ba.

Wannan kawaici yana da dalili. Shekaru da yawa bayan samun 'yancin Indiya a 1947, masu tace finafinai na ƙasar ba su cika barin sumba ta wuce ba, masu shiryawa kuma suka koyi kewayawa. In fuskoki sun matso, sai kyamara ta kauce zuwa furanni biyu suna taɓa juna, ko tsuntsaye a reshe. Yau abin yana ba matasa dariya. Amma hanin ne ya tilasta wa masu sana'ar su ƙware wajen kallo, da tazara, da juya baya. Ina jin shi ya sa finafinan suka sami karɓuwa a wurinmu fiye da na Amurka: mutanen da suka san kunya sun gane yarinyar da ta rufe fuska da gyale.

Kada kuwa a ɗauka duk waƙar da ba a taɓa juna a cikinta ba ruwan sanyi ce. A cikin Aradhana na 1969 akwai waƙar da aka ɗauka a ɗaki guda, da wuta tana ci a tsakiya, ana hadari a waje, kuma an ɗauke ta tun daga farko har ƙarshe ba yanka ko ɗaya, fiye da minti uku. Kyamara tana ta kewaya Rajesh Khanna da Sharmila Tagore, ba ta ba mai kallo damar kau da ido ya huta ba. Ba su ma motsa leɓe, muryar Kishore Kumar daga sama take zuwa kamar tunani. Abin da ba a nuna ba ya fi wanda aka nuna nauyi, kuma iyayen da suke duba tufafi kaɗai su ce fim ba laifi sai su lura da wannan.

A cikin wannan fim ɗin dai akwai wata waƙar da take tona asirin sana'ar. Saurayi yana cikin jif yana waƙa, yana bin ƙaramin jirgin ƙasa na duwatsun Darjeeling, yarinya tana bakin taga da littafi a hannu, tana satar kallonsa. Gaskiyar magana, Sharmila ba ta je wurin ba, tana wani aiki dabam. Daga baya aka ɗauki nata hoton a ɗakin fim a Bombay, aka haɗa. Ya dubi dama, aka yanka, ta dubi hagu ta yi murmushi, sai mu muka ɗaura sauran da kanmu.

Amurkawa ma sun san wannan, har sun taɓa nuna shi a fili. A cikin Singin' in the Rain na 1952, Gene Kelly ɗan wasan fim ne da ya kasa gaya wa Debbie Reynolds abin da ke ransa. Sai ya ja ta cikin wani ƙaton ɗakin ɗaukar fim da ba kowa, ya kunna fitilar da ta zana faɗuwar rana a bango, ya saki hazo daga inji, ya ɗora ta a kan tsani a maimakon bene, ya kunna fanka. Sa'an nan bakinsa ya buɗe da waƙa. An nuna wa mai kallo kowace waya da kowane makunni, duk da haka in an kai tsakiyar waƙar sai ya manta.

Da masu shirya finafinan Hausa suka taso a Kano, tun daga Turmin Danya na 1990, wannan makaranta suka shiga. Kiɗa ya koma kan fiyano mai kwaikwayon kalangu da sarewa, mawaƙa suna rerawa a situdiyo, 'yan wasa suna bi da baki a lambu, ko bakin madatsar ruwa, ko kan duwatsun Jos. Sangaya na 1999, labarin ɗan sarki da baiwar gida, waƙarsa ce ta sayar da shi tun kafin mutane su san labarin. Hanin da ke kansu ya fi na Indiya tsanani, musamman bayan kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001, domin namiji da mace ba su ko riƙe hannu. Saboda haka komi ya koma kan ido, da anko na tufafi, da taku iri guda, da tazarar da ake ragewa kaɗan kaɗan amma ba ta ƙarewa. Inda suka yi sauri suka cika allo da rawa, abin yakan zama motsa jiki kawai. Inda suka yi haƙuri suka bar kyamara ta daɗe a kan fuska, sukan kamo abin.

Haƙurin nan shi ne ƙarfin Mughal-e-Azam na 1960. Yarima Salim, ɗan Sarki Akbar, yana son Anarkali, mai rawa a fada, abin da uban ba zai taɓa yarda da shi ba. Cikin dare a lambu, Dilip Kumar yana shafa fuskar Madhubala da farin gashin tsuntsu. Ba wanda ya ce uffan. Daga nesa ana jin muryar mawaƙin fada, wadda babban malamin waƙa Bade Ghulam Ali Khan ya rera, shi da ya yanka rupi 25,000 a kan waƙa guda da nufin a rabu da shi, mai fim ɗin, K. Asif, kuwa ya biya. Kyamara ta matso har ba a ganin komi sai ido da leɓe da gashin. Indiyawa da yawa suna lissafa wannan cikin mafi girman hotunan soyayya da aka taɓa ɗauka a ƙasarsu.

Su biyun sun taɓa son juna da gaske, har an yi zancen aure, abin ya watse ana tsakiyar aikin fim ɗin, wanda ya ɗauki shekaru. A cikin tarihin rayuwarsa da ya fito a 2014, Dilip Kumar ya bayyana cewa ranar da aka ɗauki hoton gashin tsuntsun, shi da Madhubala ko gaisuwa ba su yi wa juna.