Ƙofofin Shiga Da Fita Su Ke Tsara Ƙwaƙwalwar Kwamfuta

Duk kasuwar da ƙofarta ɗaya ce kuma ƙuntatacciya, kome yawan hajar da ke ciki, ciniki ba zai wuce abin da ƙofar ta iya ɗauka ba. Irin wannan matsala ce injiniyoyi ke fama da ita tun ranar da aka fara ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, wato ɗan fallen silikon ɗin nan da ake kira maikurofurosesa. Ba ta da hanyar karɓar bayani ko mayar da amsa sai ta ƙananan ƙafafun ƙarfe da ke jere a jikinta. Yawan ƙafafun nan, da saurin abin da ke bi ta cikinsu, su ne suka sha tilasta wa masu ƙira sake tsari.

A watan Nuwamba na 1971 kamfanin Intel na Amurka ya fito da ƙwaƙwalwa mai lamba 4004, wadda aka yi domin na'urar lissafi ta kamfanin Busicom na Japan. Taransista 2,300 ne a cikinta, amma ƙafafunta 16 kacal, kuma huɗu ne kawai ke ɗaukar bayani. Ita kwamfuta da ƙwayoyi take magana, waɗanda ake kira bit, kowace ɗaya ko 0 ko 1, kuma ƙafa ɗaya ƙwaya ɗaya take ɗauka a lokaci guda. To, adireshin wurin da umarni yake a rumbun ajiya ƙwaya 12 ne, saboda haka sai an aika da shi kashi uku. Shi kuma umarnin ƙwaya takwas ne, sai ya shigo kashi biyu. Ke nan cikin bugu takwas na kowane zagayen aiki, biyar a bakin ƙofa suke ƙarewa.

Da aka zo kan 8080 a 1974, sai aka ba ta ƙafa 40: guda 16 na adireshi, takwas na bayani, kowa da hanyarsa. Wannan ya ba ta ikon kai wa ga gurbi 65,536 a rumbun ajiya kai tsaye. To, amma fa kowace ƙafa kuɗi ce, gama tana ƙara girman gidan ƙwaƙwalwar da yawan wayoyin allo. Shi ya sa 8086 ta 1978, mai aiki da ƙwaya 16, ta tsaya a ƙafa 40, adireshi da bayani suna karɓa-karɓa a kan waya ɗaya. Kamfanin Motorola ya bi wata hanyar dabam: ya ba 68000 ƙafa 64, kuma ita ce ta shiga kwamfutar Macintosh a 1984.

Babban misali shi ne 8088 ta 1979. Cikinta kusan ɗaya ne da na 8086, sai dai an rage ƙofar bayaninta zuwa ƙwaya takwas, domin ta yi aiki da kayan taimako masu araha waɗanda suka riga suka cika kasuwa. Ta fi yayarta nawa, amma ita kamfanin IBM ya zaɓa wa kwamfutarsa ta tebur a 1981. Zuriyar wannan gida ce ke cikin akasarin kwamfutocin ofisoshi har yau.

Bayan yawan ƙafafu akwai batun jira. Madannai da injin buga takarda suna da nawa ƙwarai in an gwada su da ƙwaƙwalwa. Maimakon ta yi ta leƙe ko sun shirya, sai aka keɓe ƙafar da na'ura za ta yi mata sallama in tana da saƙo. Har ila yau aka ƙirƙiro hanyar da faifan ajiya zai zuba bayani cikin rumbu kai tsaye, ita kuwa ta ci gaba da lissafinta. Da saurinta ya zarce na rumbun, sai aka gina mata ƙaramar ma'ajiya a cikinta, kamar yadda aka yi wa 80486 a 1989.

Matsalar ba ta kau ba. A 2021 Intel ya fito da mazauni mai mahaɗi 1,700, a 2020 kuma kamfanin Apple ya haɗa rumbun ajiya da ƙwaƙwalwar M1 a gida ɗaya don rage tazara.

Saboda haka ma'aikacin da aka ɗora wa sayen kwamfutocin ma'aikata da kuɗin jama'a, da ɗalibin da ke koyon wannan fanni, kada su tsaya ga lambar saurin da aka rubuta a kwali. Ya kamata su tambayi girman rumbun ajiya da irin faifan da ke ciki, domin ƙwaƙwalwa mai tsada da aka haɗa da faifai mai nawa, zaman jira za ta yi ta yi.