Tiyatar Zuciya Ba Tare Da Tsaga Ƙirji Ba

Jijiyoyin da ke shayar da ita kanta zuciya jini sirara ne, kitse kan taru a cikinsu har su toshe. Idan abin ya fi ƙarfin magani, sai likita ya yi wa jinin ratse, kamar direban da gada ta karye a gabansa: ya ɗauko lafiyayyar jijiya ya jona ta gaba da toshewar. Likita René Favaloro ne ya kafa wannan aiki a Cleveland ta Amurka a 1967. Sai dai kafin a kai ga zuciyar, da zarto ake raba ƙashin ƙirji, in an gama a ɗaure shi da waya, ya shafe mako shida zuwa takwas yana haɗewa. Manomi ya san abin da wata biyu ba riƙe fartanya ke nufi.

A 1998, a Paris, Didier Loulmet da abokan aikinsa suka yi ratsen da na'ura mai suna da Vinci, ƙashi bai taɓu ba. Ƙananan huda ake yi tsakanin haƙarƙarin hagu, a sace iskar huhun wannan gefen don a sami fili, a zura kyamara da siraran hannuwan ƙarfe. Likitan na zaune gefe, idonsa a madubin da ke ninka girman jijiyar sau goma, yana motsa yatsu, ƙarafan na bin sa, na'urar kuma tana tace rawar hannunsa. Jijiyar bayan ƙirji yake ɓantarowa ya ɗinka a babbar jijiyar gaban zuciya. Masu cewa mutum-mutumi ne ke fiɗar sun yi kuskure. Ko allura ba ya motsawa sai an motsa shi.

Jini kaɗan ke zuba, ana kuma sallama da wuri. Amma wanda jijiyoyinsa da yawa suka toshe, galibi sai an buɗe ƙirjin. Kuɗin na'urar kuwa ya kai dala miliyan biyu.

Tun 1974 aka fara buɗe zuciya a Najeriya, a Inugu, amma har yau aikin ya fi ƙarfin aljihun talaka. Awon hawan jini da na suga bai fi ƙarfinsa ba. Ƙirji ya riƙa yi maka nauyi in ka yi sauri, ya lafa in ka huta, ciwon na sauka hannun hagu ko muƙamuƙi? Kada ka ce olsa ce ka nufi kyamis. Je asibiti a duba zuciyarka.