Kifin Roba: Yadda Yake Yaudarar Giwan Ruwa, da Abin da Ɗan Kasuwa da Makiyayi Za Su Kiyaye

Waɗanda suka saurare mu a shirin da ya gabata za su tuna wani bawan Allah da ya bugo waya. Fatauci yake yi tsakanin Tamale da iyakar Paga. Ya ce a Lome wani dillali ya nuna masa wani kifi na roba mai laushi, tsawonsa ya kai taƙi guda, da ƙugiya a jikinsa, ya ce masa wannan abu yana kama kifi ba tare da koto ba. Tambayarsa ita ce: ya zuba jarinsa ya sayo katan guda ya kai Buipe da Yeji, ko kuwa ya haƙura? Lokaci bai bar mu mun amsa masa yadda ya kamata ba, shi ya sa muka kawo maganar nan, inda kowa zai karanta a tsanake.

Amsar a taƙaice ita ce: dillalin bai yi ƙarya ba, amma rabin magana ya faɗa. Kifin roba yana kamu, sai dai kifi iri kaɗan yake kamawa, a ruwa iri kaɗan, a hannun mutumin da ya san aikinsa. To bari mu bi abin daki-daki.

Daga ina ya fito?

In kun duba ledar da ake saka shi, sau da yawa za ku ga an rubuta pike ko musky. Sunayen kifaye biyu ne na ƙasashen sanyi. Na farkon yana cikin tafkunan Turai da arewacin Asiya da Amurka ta Arewa. Na biyun kuwa a Amurka da Kanada kawai yake, musamman yankin manyan tafkunansu. Dukansu dogaye ne, bakinsu cike da haƙora masu kaifi, kuma yawancin abincinsu 'yan'uwansu kifaye ne. Sukan laɓe cikin ciyawar ruwa, in ƙaramin kifi ya gifta su fyauce shi. Shi musky wuyar kamu gare shi, har masu fatsa a can suna yi masa kirari da kifin jifa dubu goma, wato sai ka jefa fatsarka sau dubu goma kafin ka same shi. Ku riƙe wannan kirari, za mu dawo kansa.

Dabarar yin koton ƙarya ta daɗe. A 1936 wani masunci ɗan ƙasar Finlan mai suna Lauri Rapala ya sassaƙa ɗan kifi da ɓawon itace mara nauyi, ya naɗe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli, bayan ya lura cewa manyan kifaye sun fi afka wa ƙaramin kifin da ke iyo a karkace kamar mai rauni. Har yau sunansa ne a jikin kayan kamfanin da ya bari. A 1949 kuma Nick Creme, a garin Akron na jihar Ohio a Amurka, ya fito da tanar roba mai laushi. Daga nan aka yi ta ƙirƙiro siffofi, har aka zo kan wannan mai faffaɗar jela da muke magana a kai.

Babu pike ko musky a kogunanmu. Amma muna da masu irin halinsu, wato giwan ruwa da tsage. Giwan ruwa yana cikin Volta, da Kwara, da Tafkin Chadi, da kogin Nilu, kuma yakan yi girma har kusan mita 2, nauyinsa ya doshi kilo 200. Wanda ya san gasar su ta Argungu, da aka fara a 1934, ya san irin ƙattin da masunta ke fitowa da su. A 2005 kifin da ya ci gasar kilo 75 ne, sai da ƙarti huɗu suka ɗaga shi. A Tafkin Nasser na Masar da kuma gindin tsirgagiyar ruwan Murchison a Yuganda, baƙi na biyan kuɗi su je su kama giwan ruwa da irin wannan koton ƙarya. Ke nan abin yana aiki a kan kifinmu na Afirka.

Yaya yake yaudarar kifi?

Sirrin yana jela. Ƙarshen jelar an yi shi da faɗi, a tsaye, kamar bakin filafilin tuƙa kwalekwale. In ka ja shi cikin ruwa, ruwan yana bugun wannan faɗin, jelar ta riƙa kaɗawa dama da hagu, jikin kuma yana ɗan mirginawa. Kifi kuwa Allah Ya yi masa wata jijiya da ta bi gefen jikinsa tun daga kai har jela. In kun duba karfasa da kyau za ku ga layin. Da ita yake jin motsin ruwa, ko da idonsa bai ga komai ba. To wannan kaɗawar jela ita ce ke kai wa giwan ruwa labari cewa ga nama nan yana wucewa. Idan ya matso, launi da siffa su ƙarasa yaudarar. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa.

A kan kifin robar akwai dunƙulen dalma haɗe da ƙugiya. Ita ce ke ba shi nauyin da za a iya wurga shi nesa, ita ce kuma ke nutsar da shi. Dalma mai nauyi ta ruwa mai zurfi ce ko mai gudu, mara nauyi kuma ta bakin gaɓa. Manyan da ake yi domin musky sukan kai santimita 20 zuwa 30, wasu ma sun fi haka. Dalilin girman shi ne babban kifi ya fi son loma guda mai tsoka a kan ya yi ta bin ƙanana yana ɓata ƙarfinsa.

Ga inda dillalin ya yi shiru. Kifin roba ba ya aiki sai yana tafiya. Ka ɗaura shi a mamari ka bar shi ya kwana a ruwa, da safe yadda ka ajiye shi haka za ka tarar da shi, domin ba ya motsi da kansa kamar ɗan kifi mai rai, ba shi kuma da ƙarnin da zai jawo tarwaɗa daga nesa. Dole mutum ya tsaya a kansa: ya wurga, ya bari ya nutse, ya jawo a hankali, ya sake wurgawa, ko kuma ya ja shi a bayan kwalekwale yana tuƙi. Wannan yana buƙatar sandar fatsa mai ƙarfi da na'urar naɗe zare, da zare mai kauri. Ga tsage kuwa sai an sa ɗan guntun waya tsakanin zare da ƙugiya, in ba haka ba haƙoransa su datse zaren. Ko da wayar ma, tsage kan yanke jelar robar a cizo ɗaya, kuma in jela ta tafi, kifin roba ya tashi aiki.

A ruwanmu fa?

Abu biyu ne za su ba mai wannan koto wahala a nan. Na farko kututture. Da aka kammala madatsar Akosombo a 1965, ruwa ya shanye dazuzzuka ba tare da an sare itatuwan ba, tafkin ya mamaye kusan murabba'in kilomita 8,500. Har yanzu itatuwan na tsaye a ƙarƙashin ruwa, duk mai hawa jirgi tsakanin Yeji da Makango ya gan su. A gindinsu manyan kifaye ke fakewa, a nan ne kuma ƙugiya ke maƙalewa. Masunci na iya rasa biyu ko uku a yini guda, kowanne kuma kuɗi ne.

Na biyu yanayin ruwa. Da damina Farin Volta a Yapei da Daboya da Nawuni yakan yi jajawur da laka, ga gudu, musamman a watannin Agusta da Satumba idan aka saki ruwan madatsar Bagre daga Burkina Faso. A lokacin nan aikin kifin roba yana raguwa ƙwarai, bakin kogin ma hatsari ne. Lokacinsa shi ne rani, in ruwa ya janye ya kwanta, kifaye sun taru a guraren da ke da zurfi. Sassafe da gab da magariba sun fi, domin giwan ruwa mafarauci ne na lokacin da haske ya yi ƙasa.

Ga ɗan kasuwa

Alhaji, kafin ka ƙirga kuɗi ka tambayi kanka wa zai saya. Masuntan Volta, ko 'yan Bator ne, ko Gonjawa, ko 'yan'uwanmu Hausawa da suka zo da sana'ar su daga gida, da yawan kamu suke ci da iyali. Kalli da birgi da mamari suna kawo karfasa da tarwaɗa da kurungu da mata za su banda su kai kasuwa. Mutumin da ke neman cika kwando kafin rana ta ɗaga ba zai tsaya yana wurga roba yana jiran kifi ɗaya ba. Kun tuna kirarin jifa dubu goma? A can wasa ne na masu hali, ranar hutu suke yi, da yawansu ma in sun kama sai su auna su mayar da shi ruwa. Mai sayenka a nan shi ne wanda ya riga ya mallaki sandar fatsa mai na'ura: ma'aikaci mai sha'awa, ko baƙo, ko matashin masunci da ke farautar giwan ruwa takanas domin ya san kuɗin da babba ɗaya ke yi.

Saboda haka shawararmu ita ce ka fara da kaɗan. Ka ɗauko 'yan dozin, ka fi yawaita matsakaita masu santimita 10 zuwa 15, domin su ne manya da matsakaitan kifaye duka za su iya haɗiya. Fari da ruwan azurfa sun fi kama da ƙananan kifayenmu, ruwan ɗorawa mai haske kuma yana taimakawa in ruwa ya ɗan gurɓace. Ka ba wani masunci da ka amince da shi ya gwada maka, abin da ya faɗa maka shi ne farashin gaskiya. Ka matsa ƙugiyar da hannu: in ta buɗe cikin sauƙi, giwan ruwa zai miƙe ta. Ka riƙe jikin ka girgiza: in jelar ba ta rawa, a ruwa ma ba za ta yi ba. Araha ba ta ado.

Ajiya ma sai an kula. Robar ba ta son zafi, ga shi a Tamale watan Maris zafi kan kai maki 40. In ka shanya su a tebur cikin rana, ko ka bar su a but ɗin mota, za su lanƙwashe, jela ta karkace. Kada ka haɗa launuka daban-daban a leda ɗaya, suna rina juna. Kada kuma ka haɗa na kamfani daban-daban ko ka ɗora su a kan roba mai tauri, domin wasu nau'o'in robar in sun haɗu narkewa suke yi su manne. Ka bar kowanne a ledarsa, a inuwa.

Wani abin da za a yaba masa shi ne, kifi ɗaya yake kamawa a jifa ɗaya, ba ya kwashe 'ya'yan kifi. Ya fi ƙarfin a kwatanta shi da zuba guba ko jefa nakiya a ruwa, waɗanda dokar kamun kifi ta Ghana ta 2002 ta haramta, kuma makiyayi ya fi kowa sanin ɓarnarsu a mashaya.

Ga makiyayi

Baffa, kada ka ce wannan magana ta masunta ce. Inda ake wurga fatsa nan ne shanunka ke shan ruwa da rani. Kifin roban da ya tsinke ba ya ruɓewa da wuri. In ruwa ya janye sai ka gan shi a laka, da ƙugiyarsa da dalmarsa. Wasu kamfanoni ma gishiri suke cuɗawa cikin robar domin kifi ya daɗe riƙe da ita a baki, kai kuwa ka san saniya da gishiri. Ka san kuma ba ta tantance abin da ta lasa, haɗiyewa take yi.

Hatsarin kashi uku ne. Robar takan zauna a tumbi kamar yadda leda ke yi, dabba ta yi ta ramewa tana ci ba ta ƙiba. Ƙugiyar, kamar ƙusa ko waya, takan faɗa ɓangaren tumbin nan mai kama da saƙar zuma, wanda ke dab da zuciya; in ta huda shi za ka ga saniya ta daina ci, ta gantsare baya, tana nishi in za ta tashi ko za ta kwanta, nono ya ragu. Dalma kuwa guba ce, kuma shanu, musamman maruƙa, ba sa jure ta: alamunta sun haɗa da makanta, da cizon haƙora, da dalalar miyau, da tangaɗi. In ka ga ɗaya daga cikin waɗannan bayan kun sauka a bakin kogi, ka nemi likitan dabbobi da gaggawa, ka gaya masa inda suka sha ruwa. Zaren fatsa ma yakan naɗe kofato ya ci nama har ƙafa ta kumbura.

Maganin mai sauƙi ne. Kafin garke ya sauka, a tura yaro mai wayo ya duba gaɓa. A gargaɗi ƙananan yara, domin abin yana da kyan gani kamar kayan wasa, ga ƙugiya mai ƙaya da ba ta fita ta inda ta shiga. In ta shige yatsa kada a fizga, a je asibiti. Wanda ya tsinta ya tafi da shi ya binne da zurfi nesa da mashaya, kada ya jefa a wutar girki, hayaƙin wannan roba da dalma cuta ne. Kai kuma mai sayarwa, duk wanda ya saya ka ce masa ya kwashe yagaggun da guntayen zare ya koma da su gida. Ardo da sarkin ruwa in sun zauna suka raba wurin fatsa da wurin shayar da dabbobi, an huta da rigimar da ba ta da dalili.

Mai tambayarmu na hanyar Paga, ga amsarka: kada ka sayi katan, ka sayi kaɗan ka gwada a rani mai zuwa. In ka dawo daga Buipe ka bugo mana ka faɗa wa jama'a yadda ta kaya. Masuntan da suka taɓa gwada shi a Yapei ko Yeji, mu ma muna son jin ta bakinku. Allah Ya ba da kasuwa, Ya tsare dukiya, Ya kai mu mako mai zuwa lafiya.